Tukunyar da Ta Faɗo Daga Sama

SHAFI NA 19

Masu cika min waya da saƙo kuna tambayar ko matar Kyaftin ta iso, to ta iso, har ta kwana. Ku gyara zama. Mai saurin kuka kuma ya nemi gefen zani tun yanzu, kada ya ce ban faɗa ba.

*

Tunda Uwar Tukwane take sana'ar ba da hayar tukwanen biki, ba ta taɓa jin kunyar kayanta ba sai yau.

Babbar tukunyar ce a kan murhu, wadda sai mata biyu sun kama take ɗaguwa. Shinkafa na tafasa a ciki, matan unguwa sun cika tsakar gidan, masu yanka albasa na yi, masu gulma na yi. Yau ne garin ke taron tunawa da sojojin saman da jirginsu ya faɗo a bayan makarantar firamare, shekara ashirin da 'yan kai da suka wuce. An gina musu ginshiƙi, an rubuta sunayensu a jiki, an gayyato iyalansu. Mijin Uwar Tukwane, Mai Zubi, shi ne shugaban kwamiti, shi ya sa aka sauke babbar baƙuwa a gidansu: matar Kyaftin ɗin da ya tuƙa jirgin, ita da 'yarta.

Baƙuwar kuma ta ƙi zaman ɗaki.

"Yaya, don Allah ki koma ciki. Hayaƙi zai dame ki," in ji Uwar Tukwane.

"Hayaƙi?" Matar Kyaftin ta yi dariya tana ɗaure mayafinta a ƙugu. "Ni da na yi zaman bariki ina hura ɗanyen itace? Miƙo min ludayin nan, ƙanwata."

"Ai ke baƙuwa ce."

"Baƙuntar jiya ce. Yau 'yar gida ce ni."

Haka Uwar Tukwane ta miƙa mata. Shi kansa ludayin, da za a bi asalinsa, gida ɗaya suka fito da tukunyar.

A garin nan duk wanda ya manyanta ya san zancen, sai dai ba a yinsa. Ranar da jirgin ya faɗo, mutane sun ruga da bokitai da niyyar ceto, wannan gaskiya ne, Allah ma shaida. Da suka tarar babu wanda za a ceta, suka rufe mamatan da zannuwansu, wannan ma gaskiya ne. Sai kuma wani ya ɗaga wani falle mai ƙyalli, ya ji ba shi da nauyi, ya saɓa a kafaɗa. Na biyu ya gani. Kafin motocin soja su iso da yamma, duk abin da hannu zai iya ɗagawa ya shige gari. Alminiyam ne mai kyau, a garin kuma mutum ɗaya ne ke narka alminiyam ya zuba tukwane, Mai Zubi. Daga tukunya sai kasko, sai ludayi, sai buta. Da wuya ka shiga gida ba ka tarar da rabonsa ba.

A lokacin, sunan abin tsintuwa. Yau da matar nan ta sunkuya a kan tukunyar tana juya shinkafa, Uwar Tukwane ta rasa sunan da za ta ba shi.

"Wannan tukunya ta yi," in ji matar Kyaftin. "Ko alamar kamu babu a gindinta. Ta daɗe a hannunki?"

"Ta ɗan kwana biyu."

"Kwana biyu?" Maƙwabciyarsu ce ta cafe, wadda unguwa ke kira Rediyo don ba a kashe ta sai dai batir ya ƙare. "Hajiya, ai tukunyar nan sa'ar ɗanta na fari ce. Irin ƙarfenta ba a samunsa a kasuwa, saboda ranar da..."

"Rediyo, gishiri ya ƙare."

"Ga shi nan a roba, yanzu na..."

"Na ce ya ƙare. Je ki shago."

Rediyo ta kalli Uwar Tukwane, ta kalli baƙuwar, sai a lokacin ta tuna da wa take magana. Ta ja mayafi ta fice sumsum. A tarihin unguwar wannan ne karon farko da ta bar magana a rabi.

Baƙuwar ba ta ma lura ba. Amma mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Duk motsin da matar ta yi, sai Uwar Tukwane ta bi ta da ido.

'Yar Kyaftin ta fito daga ɗaki ta ja turmi ta zauna kusa da uwarta. Doguwa ce, ba ta da yawan magana. Uwarta na ɗauke da cikinta aka yi hatsarin, don haka a hoto kawai ta san mahaifinta.

"Umma, kin sha maganinki?"

"Na sha. Yau ko ban sha ba lafiyata ƙalau." Ta rufe tukunyar, ta share gumi. "Ƙanwata, ba ki san abin da kuka yi min ba. Yau ne karo na farko da za a kira sunan mijina a bainar jama'a ban sunkuyar da kai ba."

"Haba Yaya, don me za ki sunkuyar da kai?"

"Au, ba ku sani ba?"

"Umma, ki bar zancen nan."

"Bar ni in faɗa mata, ai 'yar'uwa ce." Ta gyara zama a kan kujera 'yar tsugunne. "Da aka gama bincike, cewa aka yi laifinsa ne. Wai ya sauko ƙasa fiye da kima, jirgin ya ƙwace masa. Wai shi ya kashe kansa, ya kashe mutanen da ke tare da shi."

"Amma ai ya kauce wa makaranta. Kowa ya gani," in ji Uwar Tukwane.

"An ce ya kauce. An kuma ce da bai yi ganganci ba, da bai ma zo kusa da makarantar ba."

Matan da ke yanka albasa suka rage hira. Wata ta tashi wai za ta duba miya, miyar da aka sauke tun ɗazu.

"Matan abokan aikinsa," matar Kyaftin ta ci gaba, "waɗanda muke cin abinci kwano ɗaya, mu yi wa juna kitso, suka ɗauke min gaisuwa. Ban ga laifinsu ba, su ma mazajensu suka rasa. Kin ga jiya ma da muka sauka a mota ɗaya, cewa suka yi a kai su wani gida. Wannan kuwa," ta dafa gwiwar 'yarta, "a makaranta 'yar direban mutuwa yara ke kiranta."

"Umma."

"To na bari. Saura guda ɗaya." Ta juyo ga Uwar Tukwane. "Hafsan da ya yi binciken ya zo min gaisuwa daga baya, mutumin kirki. Ya ce, 'Madam, akwai guntu ɗaya na jelar jirgin da muka nema muka rasa. Shi ke riƙe abin da ke ɗaga jirgi sama ya sauke shi. Da mun same shi, da mun san ko tun a sama ya karye. In tun a sama ne, mijinki ba shi da laifi, gwarzo ne ma.' Na ce to ina guntun? Ya ce an kwashe tarkacen kafin su iso."

Matan tsakar gidan suka duƙufa kan albasarsu. Itace ne kawai ke ƙara a murhu.

"Kada ki damu," in ji baƙuwar, ganin yadda fuskar Uwar Tukwane ta canza. "Na san ba ku ba ne. 'Yan jari-bola ne na wasu garuruwa, masu bin masifa kamar ungulu. Mutanen da suka rufe mijina da zannuwansu ba za su yashe shi ba. Ko ba haka ba?"

"Haka ne, Yaya."

Maganar ta fito da kanta, kafin ta yi shawara da zuciyarta. Tana gama faɗa ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

"Kuka kike yi?"

"Albasa ce. Bari in leƙa maigidan, ko ya shirya."

*

Maƙerar na bayan gidan, rumfar kwano ce da ta yi baƙi da hayaƙin shekaru. Yau babu wuta. Zuga-zugi a rataye, kaskon narki a kife, ƙasar zubi a tare gefe ɗaya an rufe ta da buhu. Mai Zubi na tsaye a tsakiya cikin farar riga mai sitaci, yana tattare ta kada ta taɓa gawayi, yana bitar jawabinsa da ƙarfi.

"Manyan baƙi, iyayenmu, 'yan'uwa... Ke, kin ji yadda na fara? Ko in sa hafsoshi a gaba?"

Uwar Tukwane ta shigo, ta janyo ƙyauren ta rufe.

"Malam, tambaya na zo yi."

"Yanzu? An kusa fara zuwa fili."

"Ka san an ɗora wa mijin matar nan laifin hatsarin?"

"Na taɓa jin ƙishin-ƙishin."

"Ka san saboda wani guntu ne da aka rasa?"

"Wa ya faɗa miki?"

"Ita. Yanzu. Tana riƙe da ludayina."

Ya cire hularsa ya duba cikinta, kamar amsar na can. Shekarunsu tare sun isa ta san cewa in ya duba cikin hula, ƙarya yake auna wa tsawo.

"Abubuwa da yawa aka kawo min lokacin," ya ce. "Ina zan san wanne ne wanne?"

"Ban ce ka sani ba. Kai ka faɗa."

"To a bar kaza cikin gashinta."

"Kazar tana tsakar gidana tana dafa min shinkafa. Malam, dube ni. Sojojin sun zo nan?"

"Sun bi gida-gida. Kina kwance da ɗanyen jego, ba ki san abin da ake ciki ba."

"Sun zo nan, cikin rumfar nan?"

"Sun zo."

"Suka ce me?"

Ya nemi wuri zai zauna, ya tuna da farar riga, ya fasa. Daga baya kuma ya zauna ɗin a kan kututturen da yake dukan ƙarfe, rigar ta kwashi rabonta.

"Wani hafsa ne, dogo, mai sanyin magana. Ya tsaya nan inda kike. Ya zana min siffar abin a ƙasa da tsinke, kamar gwiwar hannu, da huda biyu. Ya ce ba kama kowa suka zo yi ba. Ya ce duk sauran mu riƙe, sun yafe, wannan kaɗai suke so."

"Kai kuma ka ce?"

"Na ce ban gani ba."

"Ba ka gani ba ɗin?"

Ya kawar da kai gefe.

"Malam."

"Yana cikin buhun gawayi," ya ce a hankali. "A bayan ƙafarsa."

Ta dafa ginshiƙin rumfar. Ba ta damu da baƙin da ya shafe mata hannu ba.

"Don me?"

"Tsoro. An baza a gari cewa duk wanda aka samu da ko ƙusa ce, bariki za a wuce da shi, ba a dawowa. Ni kuma rumfata cike take. Ga ki da jariri. Na ce a raina wannan daɗin bakin tarko ne."

"To da suka tafi, ba sai ka jefar a hanya su tsinta ba? Ba sai ka aika musu a ɓoye ba?"

"Da suka tafi na hura wuta."

"Ka narka?"

"Na narka."

"Bayan mutumin ya roƙe ka."

"Na ce miki tsoro ne. Na ce in babu shi, babu shaida."

Ta daɗe tana kallonsa. Mutumin da ta yi wa wanki da girki rabin rayuwarta, mutumin da ba ya cin abinci sai ya tambaya ko maƙwabta sun samu. Ta so ta tsane shi a lokacin, abin ya gagara, wannan kuma ya ƙara mata takaici.

"Ka duba shi kafin ka jefa a wuta?"

"Me kike so in ce?"

"Kai maƙeri ne. Ko tukunya aka kawo maka fasasshiya sai ka juya ta ka ga ta ina ta fara. Ka duba?"

Ya sunkuyar da kai.

"Na duba. Bakin karayar kala biyu ne. Gefe fari tas, sabo. Gefe kuma ya yi duhu, ya daɗe da tsagewa."

"Wato tun a sama."

"Ni ba masanin jirgi ba ne."

"Wato tun a sama, Malam."

"Allah ne masani." Ya goge fuska da tafin hannu. "Amma haka na gani."

Daga tsakar gida ana jiyo muryar matar Kyaftin tana cewa a rage wuta kada shinkafar ta caɓe. Uwar Tukwane ta rufe ido. Akwai sauran tambaya ɗaya, ta san amsarta, amma sai da ta yi.

"Me ka zuba da shi?"

"Kin sani."

"Faɗa min da bakinka."

"Na haɗa shi da sauran, zubin ranar guda ɗaya ne. Babba." Ya nuna wajen tsakar gida da haɓa. "Na ce kin haihu, ba ni da abin ba ki. Na ce ki fara haya da ita."

Ta tuna ranar. Shi da wani suka shigo da ita ɗaki tana ƙyalli, ta yi ta murna har tana cewa a sa jaririn a ciki a gani ko zai cika ta. Da tukunyar nan ta samu ta biyu, da ta biyu ta samu ta goma. Da ita ɗan ya yi makaranta, ɗan da yau shi ne shugaban matasa, shi ya kawo shawarar ginshiƙin, shi ya yi ta yawo har ya nemo inda iyalan suke. Ya taso yana jin labarin bokitai da zannuwa. Ba wanda ya taɓa ba shi ragowar labarin.

"Sai ka faɗa mata," ta ce.

"Kin haukace?"

"Ka faɗa wa hafsoshin da suka zo. Ka ce ka gani, ka ce kala biyu ne."

"Su ce ina yake? In ce ga shi can ana dafa muku shinkafa a ciki?" Ya miƙe. "Ihu bayan hari ke nan. Abin da ya narke ya narke. Wa zai karɓi maganar maƙeri a kan rahoton hukuma?"

"Ita za ta karɓa. Yarinyar za ta karɓa. Matan can da suka ƙi kwana gida ɗaya da ita za su ji."

"Sannan kuma fa? Kina tsammani ni kaɗai za ki tona? Gidan ubanki akwai kasko biyu. Gidan Rediyo akwai. Butocin masallaci ma, je ki tambayi asalinsu. Gari guda za ki tsiraita a gaban baƙi, rana ɗaya tak da muka samu muka yi abin kirki."

"Abin kirki ne, ko wanki?"

"Ko wanki ne ai ya fi zama da dauɗa." Ya matso kusa, ya rage murya. "Ɗanki fa? Yana can tun safe yana jera kujeru, yana ji da kansa, yana ji da ubansa. Ki je ki gaya masa da me aka rene shi."

Nan ya same ta, ya kuma san ya same ta.

"Matar nan ta zo da farin ciki," ya ce. "Ki bar ta ta koma da shi. Gobe da safe mota za ta ɗauke su, shi ke nan. Ki rufa mana asiri, Allah ya rufa miki."

Ba ta ce to ba, ba ta ce a'a ba. Ta buɗe ƙyauren ta fita.

Gaskiyar magana, a'a ɗin ce ta gagare ta. Ta koma tsakar gida ta raba abinci da hannunta. Ta zuba wa matar Kyaftin, ta ƙara mata nama, ta zauna tana kallo matar ta cinye tas ta yi hamdala, ta ce rabon da ta ci abinci ya zauna mata haka har ta manta. Sau uku Uwar Tukwane tana buɗe baki. Na farko ta ce a kawo ruwa, na biyu ta ce a kori kaji, na uku ta ce Allah ya sa ya zama lafiya. Ita kuwa ko loma ɗaya ta kasa kaiwa baki.

*

Bayan la'asar fili ya cika. An kafa rumfuna a bayan makarantar, daidai inda abin ya faru. Dattawan gari a layin gaba, matansu a gefe, matasa da 'yan makaranta a tsaye a baya. Hafsoshi sun zauna a rumfarsu da kakinsu a goge. Sauran matan mamatan sun haɗa kujerunsu can ƙarshe, sun bar kujera biyu babu kowa tsakaninsu da matar Kyaftin. Ita kuwa ta riƙo hannun Uwar Tukwane ta zaunar da ita a ɗaya daga ciki.

Wani soja ya busa bigila, aka yi tsit. Aka yaye ƙyallen da ya rufe ginshiƙin, aka karanta sunayen ɗaya bayan ɗaya. Mai Zubi ya yi jawabinsa da tabon gawayi a bayan riga, ya yi maganar bokitai, ya yi maganar zannuwa, aka tafa masa. Bai kalli ɓangaren mata ba ko sau ɗaya.

Sai ɗansu, shugaban matasa, ya karɓi lasifika yana murmushi.

"Yanzu muna roƙon mahaifiyarmu, matar Kyaftin, ta ce wani abu."

Ya kawo mata har inda take, ya durƙusa ya riƙe mata.

"Ni ban iya jawabi ba," ta ce. "Addu'a na iya. Ku taya ni da amin."

Ta fara da mamatan. Ba ta fara da mijinta ba. Ta yi wa mataimakinsa, ta yi wa injiniyan jirgin, ta yi wa ƙaramin cikinsu da ko wata uku bai yi da aure ba. Allah ya jiƙansu, ya haskaka kabarinsu, ya raya abin da suka bari. Fili ya amsa da amin. Har daga can ƙarshen rumfa, cikin matan da ba sa gaishe ta, an ji wata ta amsa tana jan hanci.

Ta juyo kan garin.

"Mutanen garin nan, kun rufe mijina lokacin da ba ni kusa. Allah ya rufa muku asiri duniya da lahira."

"Amin."

"Allah ya sa albarka a kasuwarku da gonakinku."

"Amin."

"Allah ya ba ku 'ya'ya masu jin ƙanku, irin wannan yaron da ya nemo ni."

"Amin." Wannan ta fi ƙarfi, dattawa har da shafa fuska.

'Yarta ta taɓa mata hannu, ta janye.

"Saura ɗaya. Na daɗe ina yinta ni kaɗai a kan sallaya. Yau na samu jama'a, ina so a taya ni." Muryarta ba ta tashi ba, sai ma sauka da ta yi. "Waɗanda suka kwashe jirgin nan, suka tafi da shaidar mijina, suka bar shi da baƙin suna, suka bar 'yata da gori, ban yafe ba. Wanda ya ɗauka, da wanda ya saya, da wanda ya sani ya rufe bakinsa. Ya Allah ka hana su kwanciyar hankali yadda suka hana ni. Ka bi min hakkina a kansu."

"Amin," in ji 'yan makaranta a baya.

"Amin," in ji hafsoshi.

"Amin, amin," in ji ɗan Uwar Tukwane, bakinsa dab da lasifika, da dukan zuciyarsa, har muryar ta dawo daga bangon makaranta.

Layin gaba kuwa ko tari babu.

Dattawan da ɗazu suke rige-rigen amsawa sun sauke hannuwa. Wani na duba takalminsa, wani na gyara carbi. Liman ya tsura wa ƙasa ido. Rediyo ta toshe bakinta da mayafi. Mai Zubi na tsaye a gindin ginshiƙin, hularsa a hannu.

Matar Kyaftin ta ɗago kai. Ta ɗauka ba su ji ba.

"Iyayena, ko lasifikar ce ba ta kai muku ba? Na ce Allah ya bi min hakkina a kansu."

Yara suka sake amsawa, amma wannan karon da rauni, don sun fara waige-waige. Ɗan bai amsa ba. Yana durƙushe da lasifika a hannu, ya juya yana kallon ubansa, murmushin na bushewa a fuskarsa.

Matar ta bi layin da ido, fuska bayan fuska, tun daga wannan ƙarshe har wancan. Ba wanda ya yarda suka haɗa ido. A hankali ta juyo gefenta, ga matar da ta ba ta ɗakinta, ta ba ta ludayinta, ta ƙara mata nama. Har yanzu hannunsu na haɗe.

"Ƙanwata," ta ce, lasifikar ta kai maganar har ƙarshen fili. "Su kam na ji shirunsu. Ke fa? Ke ma ba za ki ce amin ba?"

Daga gindin ginshiƙi Mai Zubi na girgiza mata kai. Ɗanta ya dawo da idonsa kanta.

Uwar Tukwane ta zare hannunta daga na matar. Ta zame daga kan kujera, gwiwoyinta suka taɓa ƙasa.

"Ba zan iya ba, Yaya."

"Don me?"

"Don a gidana addu'ar za ta sauka."